Buɗin Kafinta

"Ki dubi tsabar idona ki ce ba ki nuna masa ba!"

Baba Kafinta ne yake wannan faɗan, yana tsaye tsakiyar shagonsa, garin katako har cikin girarsa. Ya riƙe wani baƙin doki da bai gama sassaƙawa ba, yana nuna 'yarsa da shi sai ka ce bindiga.

"Baba, na duba, na kuma faɗa. Wallahi ban nuna masa ba," in ji Auta.

"To aljani ne ya kai masa? Mu uku kaɗai muka san tafiyar nan. Ni, da ke, da Na-Ɗaya."

"To ai ka lissafa mutum uku, Baba. Me ya sa sai ni?"

"Saboda Na-Ɗaya ba ya yi wa ɗan gilashin nan murmushi a waya kamar wadda aka yi wa albishir!"

Mama ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, da tiren shayi a hannu. Ta ce, "Malam, ka ajiye dokin nan kafin ka tsone wa yarinya ido. A kan 'yan guntayen itace za ku tara mana unguwa?"

Unguwa kam ta riga ta taru, a kunne dai. Katanga ɗaya ce tsakanina da shagon nan, kuma ba ni na ce a yi ta siririya ba. Amma bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san mafari ba ba zai gane abin da ya sa tsoho mai furfura yake neman kuka a kan doki ba.

Baba Kafinta, kafin gwiwa ta fara yi masa tsiya, babban ɗan wasan ces ne. Wannan darar ta masu zama shiru, mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Yana da wani salon fara wasa da ya ƙirƙiro tun yana saurayi, har 'yan wasa suka sa masa suna Buɗin Kafinta. Mai fararen 'ya'ya ne ke yin sa. Tun da wuri zai tura sojan gefen sarki gaba, ya bar sarkinsa kamar mai barci ƙofa a buɗe, abokin karawa ya rugo da kwaɗayi, ya faɗa rami. An ci mutane da shi ba adadi. Daga baya kwamfuta ta zo, yara suka tambaye ta, ta nuna musu inda ramin yake, kowa ya koyi kewaye shi. Buɗin ya tsufa tare da mai shi. Duk garin babu mai yin sa sai Auta, ita ma don ta faranta wa ubanta.

Auta kuwa ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma a teburin ces ba ta da tausayi ko na ƙwayar zarra. Makinta a jerin 'yan wasa ya fi na maza da yawa masu cika baki.

A wata gasa da aka yi a saman benen ɗakin karatu aka haɗa ta da wani malamin lissafi, dogo, siriri, mai gilashi, wanda kowa ke kira Ticha. Makinsa ya ɗara nata kaɗan. Ya zauna bai ko dube ta ba, yana ta gyara 'ya'yansa baƙaƙe su tsaya daidai tsakiyar gidajensu. Ana cikin wasa, ita ta ɗan gyara mayafi, shi kuma ya ɗaga kai. Shi ke nan. Hannunsa da ya nufi doki sai ya sauka a kan sarauniya. A dokar wasan nan kuwa, wanda ka taɓa shi za ka motsa, ko da kuka kake. Ya motsa ta, Auta ta cinye ta ba ko sannu.

'Yan ces suna da wata al'ada mai kyau. In an gama, wanda ya ci da wanda aka ci sukan sake jera 'ya'yan, su bi wasan tun daga farko, kowa ya faɗi abin da yake tunani a lokacin. A nan ne Ticha, don ya rufe kunyarsa, bakinsa ya ja masa.

"Kin iya wasa ƙwarai," ya ce. "Amma wa ya cuce ki ya koya miki wannan buɗin? Ai ya mutu tuntuni. Ina jin wanda ya ƙirƙiro shi ma ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa."

Sai wata murya daga bayansa ta ce, "Amin. Amma ban tafi ba tukuna."

Ticha ya waiwaya, ya ga tsoho da ƙaton hannu duk tabon kurfin sassaƙa. Ya dubi Auta. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Babana ne," ta ce.

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar an rasa malamin lissafi guda.

Washegari sai ga shi a shago, wai ya zo ba da haƙuri. Baba Kafinta ya ci gaba da goge katako kamar ƙuda ne ya shigo. Da Ticha ya rasa abin faɗa, sai ya ce a yi masa 'yar kujera. Aka yi. Ya dawo ya ce a yi masa kanta ta littattafai. Aka yi. Sai teburi. Sai wata kujerar, wai ta farkon tana jin kaɗaici. Mai gidan da yake haya ta faɗa mini da bakinta, a ƙarshe sai ya bi ta gefe yake isa gadonsa.

Mama ce ta fara tausaya masa. Takan miƙa masa shayi ta ce, "Sha, ɗana. Kar ka damu da shi. Ni ma shekara da shekaru ina gaya masa abin nan ya mutu, ba ya ji."

Ta hannun Mama lambar waya ta fita, kar ku ce ni na faɗa.

Saƙon farko da ya tura mata, cewa ya yi: "Salamu alaikum. Ni ne wanda ya yi wa Babanki ta'aziyyar kansa. Ina neman afuwa, ina kuma neman a rama wasa."

Ta amsa: "Afuwa tana wurin Baba. Ramuwa kuwa, ka fara koyon bambanta doki da sarauniya."

Ya ce: "Na iya bambantawa. Sarauniya biyu na gani a teburin, na ruɗe."

Auta ta karanta wannan ya fi a ƙirga. Ta kifa wayar, ta ɗauka, ta sake kifawa. Sannan ta rubuta: "Malamin lissafi da zaƙin baki? Ɗalibanka sun shiga uku."

Daga nan abu ya kankama. Yakan jira ta a bakin asibiti in ta tashi da la'asar, su taka a hankali har tashar mota, suna wasa da baki ba allo, shi ya faɗi tafiya ita ta faɗi tata. Masu wucewa su ɗauka lambobin waya suke karanta wa juna. Shi yana kiran ta Sarauniyata. Ita kuma ta sa masa Sojana, wai don komai nasa taki ɗaya-ɗaya ne, ba ya gaggawa, ba ya kuma komawa baya.

"Kin san sojan da ya daure ya kai ƙarshen allo, abin da yake samu?" ya tambaye ta wata rana.

"Na sani. Sarauniya."

"To ni ma can na nufa."

"Hanyar da nisa, Sojana. Akwai kafinta a tsakiya."

Da gaske akwai shi. Ticha ya turo kawunsa da ƙanin mahaifinsa, suka zauna a kan kujerun shagon suka faɗi abin da ya kawo su. Baba Kafinta bai ce a'a ba, bai ce i ba. Ya ce a bari babbar gasar shekara ta wuce, kansa a cike yake. Mama ta ce wannan a yaren mijinta rabin yarda ne.

Abin da ya cika masa kai kuwa shi ne, bayan shekaru yana juya 'ya'ya a ɗakin bayan shago, ya gano maganin da zai tayar da buɗinsa. A tafiya ta tara, maimakon a kai hari, sai a mayar da doki gidansa na asali, inda ya fito. Duk wanda ya gani zai ce kuskure ne ko tsoro. Alhali dokin ya matsa ne ya buɗe wa sarauniya hanya. Tsoho ya ɓoye abin nan kamar ƙwai, yana jiran babbar gasa Auta ta fasa shi a gaban jama'a.

Sai Na-Ɗaya. Shi ne babban almajirin Baba a ces, mai maki mafi yawa a garin, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Yaro mai kyau, mai turare, mai sarƙar agogo. Ya daɗe yana ganin Auta kamar kofin da za a miƙo masa in lokaci ya yi, ba sai ya nema ba. Da ya ga kawunnan wani a kan kujerun shago, sai ya gane kofin zai kuɓuce masa. Ya zo ya tsuguna gaban Baba, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ban so in faɗa ba. Na je makarantarsu Ticha wani aiki, na tarar da allo a teburinsa. Buɗinka ne a jere. Kuma doki yana gida."

"Doki yana ina?"

"Yana gida, Baba. A tafiya ta tara. Ni dai ina ganin ba Auta yake so ba, sirrin yake so."

Wannan ce ta haifi faɗan da kuka ji a farko. Baba ya rufe da cewa, "In dai ina numfashi, ɓarawon tafiya ba zai zama surukina ba. Ya zage ni na haƙura. Sata kuwa, a'a."

Auta ta shige ɗaki. Ta san ba ta nuna ba. Amma shaiɗan ba ya rasa ƙofa. Sai ta tuna ranar da Ticha ya zo ɗaukar kanta, ita da Baba sun bar allo a jere a ɗakin baya, ƙofa a buɗe. Ya shiga? Ya leƙa? Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Ka gaya mini gaskiya. Kana nazarin buɗin Baba?"

"Ina yi, Sarauniyata. Kullum."

"Don me?"

"Don na zagi abin da ban sani ba. Ina so in san shi kamar yadda ya cancanta. Me ya faru?"

"An ce ka ga abin da bai kamata ka gani ba a ɗakin baya."

"Ban taɓa tsallake ƙofar ɗakin nan ba. Ban ma san akwai abin gani ba sai yanzu da kika faɗa."

"Ina so in yarda da kai."

"To ki yarda."

"Kar ka sake rubuto mini sai an gama gasa."

Ya aiko da guda ɗaya tak bayan wannan: "To. Allah ya ba ki sa'a, ko da a kaina ne."

Kwanakin nan Auta ta rame. Mama ta daina yi wa mijinta magana sai ta hannun kyanwa. Takan ce, "Kyanwa, gaya wa mai gidan nan abincinsa ya huce." Shi ma tsohon ba daɗi yake ji ba, don na ji shi yana buga ƙusa a inda ba a buƙatar ƙusa.

Babbar gasa ta zo, a wani zaure mai faɗi, teburori a jere, fankoki suna juyawa a sama, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na agoguna. Kowane teburi da agogonsa mai fuska biyu. In ka yi tafiya ka danna, lokacinka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara zuba. Wanda nasa ya ƙare, an ci shi, ko da shi ke da rinjaye.

A zagaye na ƙarshe, da aka liƙa sunaye, sai ga Auta da farare, Ticha da baƙaƙe, teburi ɗaya. Allah ke nan, in ya tashi haɗa abu ba ya shawara da kowa.

Baba ya ja ta gefe. "Kar ki yi buɗin. Ya ƙone. Yana da amsa a aljihu, zai wulaƙanta mu a gaban mutane. Ki yi wani abin."

"Zan yi shi, Baba."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Kai ka koya mini, wanda ya shirya tafiya a gida, hannunsa ba ya jira. In ya sani, kafin in ɗauke yatsa daga agogo zai amsa. In ya yi haka, na rantse ba za ka sake jin sunansa a bakina ba. Amma ba zan rabu da mutum a kan an ce ba."

Tsoho ya matsa ya ba ta hanya. Sirrin shekarunsa za a zubar a teburi, kuma in ya fita ya fita ke nan.

Suka zauna. Ticha ya ɗan sunkuyar da kai ya gaishe ta, ta amsa da kai. Idonsa ya faɗa, kamar shi ma abinci ya daina karɓarsa. Alƙalin wasa ya ba da izini.

Ta tura sojan gefen sarki. Wani gunaguni ya bi zauren, wasu matasa suka yi wa juna murmushi, wai ga kayan gargajiya an fito da shi. Ticha ya amsa nan take. Ta yi, ya yi. Ta yi, ya yi. Hannunsa kamar walƙiya, don wannan ɓangaren duk ya haddace shi. Kowace amsa ya bayar, zuciyar Auta sai ta ƙara nutsewa. Na-Ɗaya, wanda ya gama nasa wasan da wuri, ya matso kusa da Baba yana raɗa, "Ka gani ko? Ka ga saurin?"

Tafiya ta tara ta zo. Auta ta yi bismillah a zuci, ta ɗauki dokinta fari, ta mayar da shi gidansa. Ta danna agogo. Ba ta iya ɗaga ido ba.

Hannun Ticha ya riga ya taso, ya saba da gudu. Sai ya tsaya cak a sama. Ya koma. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar, ya matso da fuska kamar mai neman allura. Ya dubi Auta da tausayi, irin na wanda ke cewa ayya, kin yi kuskure. Ya sake duban allon. Tausayin ya gushe a hankali, kunnuwansa suka yi ja, ya dafe kai da hannu biyu.

Agogonsa yana ta zuba.

"Wasan kwaikwayo ne," in ji Na-Ɗaya.

Baba ya matsa kusa da teburin. Idonsa yana kan ƙafar Ticha ta hagu, wadda ke rawa a ƙarƙashin teburi har ruwan kofinsa yana motsi. Mutane suka gama nasu wasannin suka kewaye teburin. Alƙali ya zo ya duba ko agogon ne ya lalace, ya ga lafiyarsa lau. Gumi ya jiƙe wuyan rigar Ticha. Kwata na lokacinsa ya tafi. Rabi ya tafi. Ya wuce rabi.

"Baba, wallahi yana yi ne don ka..."

"Rufe mini baki," in ji tsoho, bai ko waiwaya ba. "Na ga masu kwaikwayo. Mai kwaikwayo yakan ƙona kaɗan ya bar na cefane. Babu ɗan ces da zai yanka wuyan lokacinsa haka a kan abin da ya sani. Yaron nan yau ya fara ganin dokin nan a gida. Kai kuma sai ka gaya mini wane doki ka gani a makaranta."

Na-Ɗaya ya ce wai an kira shi a waya. Har yau ba a gama kiran ba.

Auta ta ɗaga kai a hankali, ta ga agogon, ta ga gumin, ta ga gashin da ya hargitse. Ba ta taɓa ganin abin da ya yi mata kyau kamar wahalar mutumin nan ba. Hawaye ya taru mata, ta danne shi, don wasa bai ƙare ba.

Kuma kar ku ce Ticha ya yi mata sassauci. Da ya tashi amsawa, sai ya ɗauki hasumiyarsa, ɗaya daga manyan 'ya'yansa, ya miƙa ta a bakin soja, kyauta. Baba ya yi wani ɗan ƙara kamar an taka shi, har alƙali ya harare shi. Duk shekarun da ya yi a ɗakin baya, bai taɓa hango wannan ba. Yanzu Auta ce ta dafe kai. In ta ci hasumiyar, sarkinta zai kwana a waje. In ta bari, sarauniyarta ta shiga tarko.

Ta yi tunani har nata agogon ya rame. Ta ƙi cin kyautar, ta taka da sarkinta gefe taki ɗaya. Daga nan aka shiga kokawa ta gaske, hannu na bin hannu, agogo na ƙara kamar ana sara itace. Shi ba ya raga mata, ita ba ta raga masa. A ƙarshe lokacin da ya ƙona ya zo karɓar bashinsa. Cikin gaggawa ya saki soja ɗaya, sarauniyarta ta bi ta hanyar nan da doki ya buɗe tun farko, ta tsaya a gaban sarkinsa.

Ticha ya kalli allon, ya tsayar da agogo, ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Yana murmushi kamar shi ya ci.

"Wa ya ƙirƙiro wannan dokin?" ya tambaya.

"Marigayin nan da ka yi wa addu'a," in ji Auta, tana dariya tana share ido.

Suka fara jera 'ya'ya don bin wasan kamar yadda aka saba. Ba su kai tafiya ta goma ba sai wani ƙaton hannu mai tabon kurfi ya ratso tsakaninsu ya cafke hasumiya.

"Kai, ɗan gilashi! Wannan kyautar, a ina ka samo ta?"

"A nan, Baba. Yanzu. Don na rasa mafita."

"In ta ci fa?"

"Sai in shigo da doki nan."

"To in na tare da wannan?"

"Sai sarauniya ta bi ta can."

"Kai! Matsa mini." Tsoho ya ture shi da kafaɗa, suka raba kujera ɗaya. Kawuna uku suka haɗu a kan allo, hannaye shida suna ta warwason 'ya'ya. Zaure ya watse, masu shara suka fara kife kujeru, su ba su sani ba. Can Baba ya ce, "A'a, ɗana, ba haka ba, duba nan," bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Auta ta ji. Ticha ya ji. Suka dubi juna ta saman furfurarsa.

A bakin ƙofa tsoho ya tsaya, ya yi gyaran murya. "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, ni na fara yi maka laifi."

"Wannan gaskiya ne. Amma ka ji, da ka yi mata sassauci yau don ka burge ni, da ko 'yar tsanarta ba zan ba ka ba. Ka ce wa kawunnanka su dawo. Kujerun suna nan."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta: "Sarauniyata, an ɗage takunkumi?"

Ta amsa: "An ɗage, Sojana. Ka yafe mini da na yi shakka."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Amma ki sani, in mun sake haɗuwa, na shirya wa dokin nan."

"Alhamdu lillahi. Da ka ce ba ka shirya ba, da na fasa."

An ɗaura aure bayan 'yan watanni. Na je, na ci, na ƙoshi, na kuma ga Mama tana kuka tana dariya tana cewa Allah na gode maka, yau dai an rage mini mahaukaci ɗaya a gida. Baba ya sassaƙa musu gado da hannunsa. Da za a tafi da amarya ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Kin fi ni ƙarfin zuciya." Ya juya ga ango: "Kai kuma Allah ya ba ka haƙurin zama da wadda ta fi ka wasa." Kowa ya ce amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.

Sati biyu da tarewa, Baba ya kai musu ziyara, shi da Mama, wai ya je duba ko ƙafar gadon tana girgiɗi. Allo yana ƙarƙashin hammatarsa. Kafin shayi ya tafasa ya jera farare a gabansa, ya ce surukinsa ya zauna.

"Malam, gidan amare ne fa," in ji Mama.

"Wasa ɗaya ne."

Auta ta raɗa wa mijinta, "Sojana, ka bi shi a hankali."

Tsoho ya ji. "In ya bi ni a hankali, yau za ki koma gida!"

To, Ticha yaro ne mai biyayya. Baba ya tura soja, ya mayar da doki gida yana taƙama, Ticha ya miƙa hasumiya, sannan ya fito da wani sabon abu da ya tanada. Shayi bai huce ba sarkin Baba ya rasa wurin zuwa.

Tsoho ya kalli allon, ya kalli surukinsa. Ya miƙe ya finciki hularsa.

"Mara kunya! A gaban matata!"

"Baba, ai kai ka ce..."

"Na san abin da na ce! Kar wanda ya taɓa allon nan, a bar shi yadda yake, akwai amsa, gobe da safe zan zo da ita!" Ya kai bakin ƙofa, ya juyo, idonsa yana ƙyalli kamar na yaro ranar da aka saya masa keke. "Allah ya yi muku albarka! Allah ya ba ku 'ya'ya masu rama mini!"

Ya fita ya bugo ƙofar garam, har farin sarki ya faɗo daga teburi.